Gado, Tumbi da Jinkiri: Ciwon Dajin Firostet da Mazan Zangon Kurmi

Duk cikin ire-iren ciwon dajin da ke kama maza a Najeriya, babu wanda ya kai na firostet yawa, babu kuma wanda ya kai shi kisa. Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa maza kimanin 18,000 ne ke kamuwa da shi a ƙasar nan duk shekara, sama da 11,000 kuma ke rasuwa. In aka raba, kullum ta Allah ana binne magidanta kusan 30 sanadiyyarsa. A Amurka, inda a 2024 aka ƙiyasta sababbin masu ciwon kusan 300,000, waɗanda suka rasu ba su wuce 35,000 da 'yan kai ba. A can, in an samu mutum takwas da ciwon ana rasa ɗaya. A nan, in an samu goma ana rasa shida.

Wannan faɗakarwa ta kowa ce, amma ta fi shafar 'yan'uwanmu da neman abinci ya zaunar a kurmi: 'yan gwari da mahauta da 'yan canji na Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal, mazauna kewayen titin Bida da bakin gada a Anaca, da masu harkar dabbobi a kasuwar Artisan ta Inugu da Garikin Ugwuoba. Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. A shekarun 1950 ma Malam Umaru Altine, Bafillatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Waɗanda suka zo cirani suna samari yau sun zama dattawan zango, kuma shekarun dattako su ne shekarun wannan ciwo. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a kansu: jinin da suka gada, sauyin da zaman birni ya yi wa jikinsu, da jinkirin zuwa asibiti. Na farko babu yadda za a yi da shi. Biyun ƙarshe kuwa suna hannunmu.

Ina firostet take, me take yi?

Firostet wata 'yar tsoka ce da namiji kaɗai ke da ita. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, girmanta a jikin saurayi bai wuce na ƙwallon goro ba. Aikinta shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Da yawa kan kira ciwon nan da sankarar mafitsara, amma mafitsara daban take, kuma tana da nata ciwon dajin, wanda a Arewa tsohuwar tsargiya kan jawo shi.

In namiji ya manyanta, firostet kan ƙara girma ta matse bututun fitsari. Shi ne za ka ji dattijo yana tashi sau da yawa cikin dare, fitsarin yana fita da ƙyar, yana ɗiga bayan an gama, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya sai an sa roba. Yawanci wannan kumburin tsufa ne kawai, kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da shi, kuma yana da magani.

Ciwon daji kuwa ya fi tsirowa a gefen tsokar, nesa da bututun. Saboda haka yana iya shekaru yana girma ba tare da ya taɓa fitsari ba, ba zafi, ba alama. Kafin ya fara magana, sau da yawa ya riga ya fita daga muhallinsa, kuma inda ya fi so shi ne ƙashi: ƙashin baya, ƙugu da cinya. Ciwon bayan da ba ya jin magani, rama, ƙarancin jini, nauyin ƙafafu ko shanyewarsu, duk alamu ne na ciwon da ya yi nisa. Jiran alama kafin a je asibiti shi ne kuskuren da ya fi cin rayuka.

Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarsa wajen iyali, ba kuma sanyi ne ya rikiɗe ya zama shi ba.

Me ya sa ya fi kama baƙar fata?

An daɗe ana koyarwa a makarantun likitanci cewa wannan ciwo na baƙaƙen Amurka ne, a Afirka ba kasafai ake ganinsa ba. A 1997 Farfesa Osegbe na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya wallafa binciken da ya rushe wannan zato: ciwon yana nan da yawa a tsakanin 'yan Najeriya, rashin gwaji da rashin rubuta alƙaluma ne suka ɓoye shi. Rahotannin likitocin mafitsara na Fatakwal da Inugu, da rajistar masu ciwon daji ta Kano, duk sun zo sun tabbatar da haka. Abin da suka yi tarayya a kansa shi ne yawancin marasa lafiya suna zuwa ne bayan ciwon ya yaɗu.

Inda ake da cikakken lissafi, bambancin a fili yake. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2015 ya gano cewa cikin kowane maza baƙar fata huɗu, ɗaya zai kamu da ciwon a tsawon rayuwarsa. A Turawa ɗaya ne cikin takwas, a mutanen Asiya ɗaya cikin 13. A Amurka baƙar fata sun fi Turawa kamuwa da kusan kashi 70 cikin 100, kuma yawan mutuwarsu ya ninka na Turawa.

Waɗannan baƙaƙen fata ba baƙinmu ba ne. Daga Bonny, da ke bakin teku kusa da Fatakwal, da kuma Kalaba, jiragen bayi sun kwashi mutane fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Hausawa ma an kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, har suka yi suna wajen bore tun daga 1807. Jinin da ake aunawa a Landan da Detroit da Kingston na Afirka ta Yamma ne.

Masana ƙwayoyin gado sun gano inda wani sashe na haɗarin yake. A 2006 aka nuna cewa wani yanki a kan kuromozom na 8, wanda ake kira 8q24, yana ɗauke da sauye-sauyen da ke ƙara haɗarin ciwon, wasunsu kuma kusan a jinin 'yan Afirka kaɗai ake samunsu. A 2021 wani babban bincike ya tattara irin waɗannan sauye-sauye 269, ya ga cewa in aka haɗa nauyinsu, matsakaicin ɗan asalin Afirka yana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da Bature ke ɗauke da shi. A 2024 ƙungiyar masu bincike ta MADCaP, da ta yi aiki da maza kimanin 7,500 a Senegal, Ghana, Najeriya, Uganda da Afirka ta Kudu, ta tabbatar da muhimmancin wannan yanki a cikin nahiyar kanta.

Darasin ga mazaunin zango shi ne kada ya ce wannan ciwon 'yan kudu ne don ya fi jin labarinsa a bakin maƙwabtansa Ibo ko Ikwerre. Wataƙila sun fi zuwa gwaji ne, sun fi kuma faɗin sunan abin da ya kashe iyayensu. Bahaushe da Ibo da Ijo duk a layi ɗaya suke. Wanda kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran. Yawan sankarar mama a tsakanin mata na dangi ma abin lura ne, domin akwai ƙwayar gado mai suna BRCA2 da ke jawo duka biyun.

Gado kaɗai bai bayyana komai ba

Da a ce jini ne kaɗai ke yanke hukunci, da canjin mazauni bai canza komai ba. Amma an ga Japanawan da suka koma Hawai da Kalifoniya, su da 'ya'yansu, ciwon ya ƙaru a cikinsu fiye da 'yan'uwansu da suka zauna a gida. Jini ɗaya, abinci da zama daban.

An ga irin haka a kanmu ta fuskar hawan jini. A 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka auna mutanen da duk asalinsu Afirka ta Yamma ne. A Najeriya da Kamaru kashi 16 cikin 100 ke da hawan jini, a tsibiran Karibiyan kashi 26, a Amurka kashi 33. Ƙiba da yawan cin gishiri suna hawa, hawan jini yana biye da su. Ba sai an tsallaka teku ba ma. Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna ciwon suga a tsakanin Fulanin Sakkwato: a karkara bai kai mutum ɗaya cikin 100 ba, a birni ya kusa biyar.

Sai kuma batun mutuwa. A 2019 aka wallafa nazarin bayanan maza sama da 300,000 a Amurka. An ga cewa inda baƙi da fari suka samu kulawa iri ɗaya, kamar a asibitocin tsofaffin sojoji, kuma ciwonsu yana mataki ɗaya, baƙar fata bai fi Bature mutuwa da ciwon firostet ba. Binciken Ingila na 2015 ma haka ya nuna: da zarar an gano ciwon, rabon mutuwa kusan ɗaya ne. Ashe gado yana ƙara yiwuwar kamuwa, amma abin da ya fi yanke wa zai rayu shi ne yaushe aka gano, wace kulawa aka samu, kuma a wane hali jikin yake. Nazarin na 2019 ya ƙara da cewa baƙar fata sun fi mutuwa da wasu cututtukan daban, ba dajin ba. A waɗannan shekaru kuwa, ciwon zuciya ne kan gaba.

Inda tumbi ya shigo

Likitoci suna auna yadda jiki ke sarrafa abinci da ma'auni biyar. Faɗin ƙugu: ga namiji, daga santimita 94 an fara shiga haɗari, 102 kuwa ya yi yawa ƙwarai. Hawan jini daga 130 bisa 85. Sukarin jini kafin karin kumallo daga 100. Sai kitsen jini mai cutarwa in ya kai 150, da kitse mai amfani in ya gaza 40. Wanda ya haɗa uku cikin biyar, jikinsa ya fara kasa sarrafa abin da yake ci, ko da yana jin garau.

Tushen matsalar shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta. Wannan kitse ba ajiya ba ce da ke kwance shiru. Yana sa jiki ya daina jin umarnin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sai jiki ya riƙa ƙara fitar da insulin don ya cim ma buƙata. Insulin kuwa, tare da wani ɗan'uwansa da ake kira IGF-1, suna umartar ƙwayoyin jiki su girma su hayayyafa, kuma ƙwayar daji ita ma tana amsa wannan umarni. Kitsen yana kuma haddasa wani kumburi na ɓoye da ba ya lafawa, yana rikita ma'aunin sinadarin namiji, wato testosteron.

Ta hanyoyi uku wannan hali ke cutar da mai firostet.

Ta farko, yana ƙara wa ciwon zafi. Wani bincike da ya bi maza kusan 290,000 a Norwe, Suwidin da Ostiriya, aka wallafa a 2012, ya ga cewa ƙiba da hawan jini ba su ƙara yawan waɗanda aka samu da ciwon ba, amma sun ƙara yawan waɗanda ya kashe. A 2022 masana na Jami'ar Oxford suka haɗa bayanan maza kimanin miliyan biyu da rabi, suka ga cewa duk ƙarin santimita 10 a ƙugu yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin 100 na haɗarin mutuwa da wannan ciwo.

Ga baƙar fata kuma akwai alamar cewa lamarin ya fi tsanani. A 2015 aka nazarci maza baƙar fata kusan 3,400 da Turawa sama da 22,000 da suka shiga wani gwaji mai suna SELECT. A cikin marasa ƙiba, baƙar fata ya fi Bature haɗarin kamuwa da kashi 28 cikin 100. A cikin masu ƙiba sosai, tazarar ta kai kashi 103, wato ninki biyu. Kafin nan, a 2007, wani bincike a garin Flint na jihar Mishigan ya ga cewa hawan jini da tumbi sun fi yawa a tsakanin baƙar fatar da ke da ciwon fiye da waɗanda ba su da shi. Ba duk bincike ne ya samu tazara mai girman haka ba, kuma ganin abu biyu suna tafiya tare bai zama hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Amma alƙiblar a bayyane take: wani kaso na abin da ake jingina wa launin fata yana rataye ne a ƙugu.

Ta biyu, yana ɓoye ciwon. Gwajin jini na PSA yana auna wani sinadari ne da firostet ke fitarwa. Mai ƙiba yana da jini mai yawa a jiki, saboda haka sinadarin kan tsarma, sakamakon ya fito ƙasa da yadda ya kamata. An nuna haka a 2007. Masu ciwon suga ma PSA ɗinsu kan yi ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluma ke nuna kamar masu suga ba su cika kamuwa ba, alhali in an gano nasu, sakamakon jinyarsu ya fi muni. Ga kuma wani ruɗani: yawan fitsarin dare alama ce ta suga, alama ce kuma ta kumburin firostet. Mai suga na iya ɗora komai a kan sugarsa, ya ƙi neman a duba ɗayan.

Ta uku, yana wahalar da jinya. Tun 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya gano cewa in aka yanke wa wannan ciwo testosteron yakan lafa, aikin da ya samar masa kyautar Nobel a 1966. Har yau wannan ne babban makamin da ake fuskantar ciwon da ya yaɗu da shi, ko ta allura duk wata ko duk wata uku, ko ta tiyatar cire 'ya'yan maraina, wadda ake yawan yi a asibitocinmu saboda ta fi araha. Maganin yana aiki, amma yana ƙara tumbi, yana rage tsoka, yana raunana ƙashi. Wani bincike kan maza 73,000 a 2006 ya ga cewa masu karɓar allurar sun fi sauran kamuwa da suga da kashi 44 cikin 100, haɗarin ciwon zuciya ma ya ƙaru. Wanda ya shiga wannan jinya da hawan jini da suga da ba a kula da su ba, yana iya tsira daga daji ya faɗi a hannun shanyewar ɓarin jiki.

Rayuwar zango da jikin mutum

Duba yinin ɗan kasuwar da ya bar iyalinsa a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Da safe teburin mai shayi: kofi cike da sukari da madarar gwangwani, ga burodi. Da rana farar shinkafa ko teba da lemon kwalba mai sanyi, don zafin kurmi ba ya ɗaga ƙafa. Da dare taliyar leda da ƙwai, ko tsire da yaji mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano, sai wani shayin. Tsakanin wannan da wancan yana zaune a rumfa ko a bakin sitiyarin tirela, in zai je nan da can ya hau babur. Mutumin da ya taso da noma da kiwo da tuwon dawa da miyar kuka, cikin shekara goma jikinsa ya zama wani daban. In tumbi ya fito kuma sai a yi masa barka, a ce Alhaji an samu hutu.

Robar lemo ta rabin lita na iya ƙunsar sukari kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda. Gishiri kuwa ta ce kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin miya da yaji da burodi.

Kada siriri ya ce ya tsira. Da yawa daga cikinmu ba mu da jiki, hannu da ƙafa sirara ne, sai ɗan tumbi a gaba da babbar riga ke rufewa. Wannan ɗan tumbin shi ne kitsen da ake magana. Sikeli ba ya nuna shi, tef ɗin tela ne ke nuna shi. Masu aikin ƙarfi, 'yan dako da masu tura baro, sun fi samun kariya ta wannan fuska, amma shekaru da gado suna kansu kamar kowa.

Jinkiri

In fitsari ya fara gardama, hanyar da aka saba bi sananniya ce. Da farko a ce sanyi ne ko basir, a sayi jiƙo wajen mai magani da lasifika. In bai yi ba a je kemis a haɗo ƙwayoyi. In baya ya riƙe a ce dako ne ko doguwar tafiya a mota, a yi ta shan maganin kashe zafi har ƙoda ta taɓu. In ƙafa ta mutu a ce jifa ne. Sai an kai nan a ce a kai shi gida, a ɗora shi a mota kwana da yini zuwa Arewa, alhali ya bar babban asibiti a bayansa da tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ga tsoron barin rumfa ba kowa, ga wahalar yare a asibitin da ba a jin Hausa, ga kunyar faɗa wa ɗan cikinka abin da ya shafi gabanka.

Sayen magani barkatai ma haɗari ne na kansa. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta bakin gadar Anaca na wani lokaci, tare da na Aba da Idumota, ta kwashe jabu da waɗanda suka lalace masu ɗimbin yawa. Ko maganin na gaskiya ne, akwai na kumburin firostet mai suna finasteride da ke rage PSA da kusan rabi, don haka wanda ke shansa ba da sanin likita ba yana iya samun sakamakon da zai yaudare shi. Ƙwayoyin ƙarin kuzari ma ba kariya ba ne. A gwajin SELECT ɗin nan, mazan da aka ba bitamin E sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da ciwon da kashi 17 cikin 100. Maganin ƙarfin maza mai ɗauke da testosteron kuwa abinci ne ga ciwon in yana nan a ɓoye.

Abin yi

In ka kai shekara 45, je ka ga likita ka nemi a yi maka bayanin gwajin PSA, a yi maka. Wannan ita ce shawarar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ga baƙar fata, wasu masana ma a 2024 sun ce a fara tun daga 40. In akwai ciwon a danginku, 40 ɗin ta fi. Gaya wa likita in kana da suga, da duk maganin da kake sha. PSA mai yawa ba hukuncin daji ba ne, domin kumburin tsufa da ƙwayar cuta da sa roba duk suna ɗaga shi. Likita zai maimaita, ya duba tsokar da yatsa ta dubura, in da hali a yi hoton MRI, sannan a ɗebi ɗan samfur a auna. Dubawar yatsa ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In an gano shi da wuri, labarin daban ne. A Birtaniya an bi maza 1,643 da aka gano nasu tun yana cikin tsokar, har shekara 15. Kashi 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko an yi musu tiyata, ko gashi, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, ko an zuba ido ana auna su a kai a kai. Tiyata da gashi suna iya taɓa ƙarfin namiji da riƙon fitsari, kuma haƙƙinka ne likita ya faɗa maka wannan kafin ka zaɓa. Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya shaida wa duniya cewa an yi masa jinyar wannan ciwo, ya kuma rayu har ya haura shekara 90.

Auna ƙugunka daidai cibiya, kada ya kai rabin tsawonka. Auna hawan jini da suga aƙalla sau ɗaya a shekara, in an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye don ka ji sauƙi. Rage sukarin shayi sannu a hankali, mayar da lemon kwalba na ranar biki. Koma wa gero da dawa da acca da wake da zogale da kuɓewa, ka haɗa da abin da kurmi ke da shi a wadace, ganyen ugu da ɗanyen kifi. Yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, bayan asuba ko bayan la'asar. Bar taba. Babu wanda zai ba ka tabbacin cewa waɗannan za su hana ciwon zuwa, amma suna kare zuciya da ƙoda, suna rage haɗarin mai zafinsa, suna kuma ba jiki ƙarfin ɗaukar jinya.

In ciwon baya ya haɗu da nauyin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, a tafi asibiti a ranar. Awoyi ne ke raba wanda zai sake takawa da wanda ba zai sake ba.

Wuraren zuwa suna kusa. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na UPTH da na jihar Ribas, tsohon Braithwaite. Daga Anaca akwai asibitin koyarwa na Nnamdi Azikiwe a Nnewi, da cibiyar lafiya ta tarayya a Asaba, tsallaken gada. A Inugu akwai Parklane da UNTH a Ituku-Ozalla, inda ake yin gashi. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi a 2021, ya ƙunshi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta firostet, kuma UNTH da asibitin ABU na Shika suna cikin asibitocin farko da aka sa a ciki. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya yadda ake shiga. Wanda ya fi son jinya kusa da iyali, ya fara yin gwaji a inda yake, ya tafi Kano ko Zariya ko Sakkwato da takardunsa a hannu.

Sauran aikin na jama'a ne. Mujallar likitanci ta Lancet ta yi hasashe a 2024 cewa sababbin masu kamuwa da wannan ciwo a duniya duk shekara za su ninka, daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi ji a jika. Zango yana da tsarin da zai iya tunkarar wannan: Sarkin Hausawa da fadawansa, limaman Juma'a, ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tumatur da mahauta da direbobi. Waɗanda ke iya haɗa kuɗin mota a kai gawa gida cikin yini ɗaya, za su iya gayyato ma'aikatan lafiya harabar masallaci sau biyu a shekara a auna jini da suga da ƙugu, su sasanta farashin PSA da ɗakin gwaji don mambobinsu, su kuma ware matasa biyu masu jin Turanci da za su riƙa raka dattawa asibiti. Liman ya faɗa a huɗuba cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma likita ya duba al'aura don lalura halal ne. 'Ya'ya kuma su tambayi iyayensu kai tsaye: Baba, yaya fitsari, yaushe rabonka da awo? Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare masu ita.